Yadda Fina-finai Suke Nuna Aƙidar Fasist

Fasist aƙida ce ta mulkin kama-karya wadda ke ɗaukaka shugaba guda da jam'iyya guda, ta fifita ƙabila ko ƙasa a kan sauran jama'a, ta kuma murƙushe duk mai ja da ita. Benito Mussolini ya kafa ta a Italiya bayan ya hau mulki a 1922, sannan Adolf Hitler da 'yan Nazi suka zo da irin tasu a Jamus a 1933. Masu shirya fim sun nuna wannan aƙida ta fuskoki uku: yabo, ba'a, da kuma idon waɗanda aka zalunta.

Fuskar yabo

'Yan Fasist ne suka fara ɗaukar kansu a fim. Mussolini ya buɗe katafaren wurin shirya fina-finai na Cinecittà a birnin Rum a 1937. A Jamus kuwa, Leni Riefenstahl ta fitar da Triumph of the Will a 1935, a kan taron jam'iyyar Nazi na Nuremberg na 1934. An riƙa ɗaukar Hitler daga ƙasa domin ya yi kwarjini, dubban mutane kuma suna jere sahu-sahu ba a bambance fuskar kowa. Manufar ita ce mai kallo ya ga shugaba ne kaɗai mutum, saura taro ne.

Fuskar ba'a

A 1940 Charlie Chaplin ya mayar da martani da The Great Dictator, inda ya fito a matsayin wani mai kama-karya mai suna Hynkel, mai yawan hargowa da tsoro a ɓoye. Fim ɗin ya rushe kwarjinin da farfaganda ta gina, ta hanyar sa mutane dariya.

Majigi a Arewa

Labarin yaƙi da Hitler da Mussolini ya iso wa talakawan Arewa ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, da kuma majigi. A wannan shekarar ce Ingila ta kafa sashen fina-finai na ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in kiwon lafiya a Nijeriya. Mota kan kafa farin allo a fili da dare, tafinta yana bayani da Hausa, ana nuna ƙarfin sojan Ingila domin a samu goyon baya da 'yan shiga soja. Sojojin Nijeriya kuwa sun gwabza da dakarun Mussolini a Somaliya da Habasha a 1941. Sai dai masu nuna majigin su ma mulkin mallaka suke yi, don haka ba su taɓo zaluncin mallakar ƙasar wani ba.

Fuskar wanda aka zalunta

Wannan giɓi ne Lion of the Desert na 1981 ya cike, fim ɗin da aka fi sani a ƙasar Hausa da sunan Umar Mukhtar. Mustafa Akkad, haifaffen Siriya, wanda ya shirya The Message, shi ya ba da umarni, gwamnatin Libiya ta zuba kuɗi. Anthony Quinn ya fito a matsayin Umar Mukhtar, malamin allo ɗan ɗariƙar Sanusiyya da ya shafe kimanin shekara 20 yana yaƙar Italiya. Oliver Reed ya fito a matsayin Janar Graziani, Rod Steiger kuma Mussolini. Fim ɗin ya nuna sansanonin da aka tsare makiyaya, da shingen waya da aka gitta a iyakar Masar, har zuwa rataye malamin a gaban jama'arsa a Suluq ranar 16 ga Satumba, 1931.

Italiya ta hana nuna shi a 1982, bisa hujjar cewa ya zubar da mutuncin sojanta. Sai a 2009 aka nuna shi a talabijin a ƙasar, lokacin ziyarar Mu'ammar Gaddafi.

Abin lura ga mai kallo

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan fina-finai yana da wanda ya biya kuɗinsa da abin da yake so a gani. Gaddafi da ya ɗauki nauyin fim ɗin Umar Mukhtar shi ma bai bar 'yan adawa sun sake a Libiya ba. Saboda haka ana auna irin wannan fim da tambaya biyu: wa ya shirya shi, kuma wahalar wa aka bari a bayan labule.