Yaƙin Shafukan Ƙarya a Bangi da Iyakar Ganin Masu Bincike

Binciken farfaganda ta hanyar intanet bai daɗe da tsayawa da ƙafafunsa ba. Ya samu ƙarfi ne bayan zaɓen Amurka na shekara ta 2016, sa'ad da aka gano cewa wata ma'aikata a Rasha, wadda daga baya Yevgeny Prigozhin ya amsa cewa shi ya kafa ta, ta buɗe shafuka da sunayen aro domin rura gaba tsakanin Amurkawa. A 2017 kamfanin Facebook ya shaida wa majalisar dokokin ƙasar cewa mai yiwuwa saƙonnin sun kai ga mutum miliyan 126.

Abin da ya fi jan hankali game da Afirka ya auku cikin watan Disamba na 2020, ana dab da zaɓe a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Facebook ya rufe rukuni uku na shafukan ƙarya: biyu masu alaƙa da Rasha, ɗaya kuwa da wasu mutane na kusa da rundunar sojan Faransa. Na Faransa ya fi karkata ga Bangi da Mali, amma ya taɓa Nijar da Cadi da Burkina Faso. Masanan jami'ar Stanford da na kamfanin Graphika, waɗanda suka duba shafukan, sun tarar da abin ban dariya mai ban takaici: ɓangarorin biyu suna shiga shafukan juna, kowa na kiran ɗan'uwansa maƙaryaci, alhali dukansu sun yi shigar burtu ne da sunan ƴan ƙasa.

Sai dai wannan sani yana da iyaka. Kamfanin ne ya zaɓi shafukan, shi ya miƙa wa masanan, watau ta tagar da mai gida ya buɗe suka leƙa. Tagar kuma ta yi ta ƙuntata: a 2023 Twitter ya daina ba da bayanansa kyauta, a watan Agusta na 2024 kuma aka rufe CrowdTangle, abin da ake bin sawun saƙonni da shi.

Har ila yau, rubutu aka bincika, galibinsa da Faransanci da Larabci. Wanda bai yi karatun boko ba, a Maraɗi ko a Damagaram, da kunne labari yake isa gare shi, ta saƙon murya na WhatsApp, da Hausa. Irin wannan saƙo a kulle yake tafiya daga waya zuwa waya, ba ya shiga taskar da mai bincike zai ƙirga.