Daga Kombi Zuwa Danfo: Tarihin Masu Mayar da Mota Gida

A yau ina son mu ɗan waiwayi tarihin wata rayuwa da ake ta yayatawa a intanet, wato mutum ya sayi ƙaramar bas, ya cire kujerunta, ya sa gado da risho da tankin ruwa, ya mayar da ita gidansa, duk inda dare ya yi masa nan ne masauki. Abin da ya ja hankalina shi ne, motar da ta fi kowacce suna a wannan tarihi, mu da ke zaune a Legas kullum cikinta muke.

Asalin abin daga Jamus ne. A shekarar 1947 wani ɗan kasuwa mutumin Holan mai suna Ben Pon ya ziyarci masana'antar Volkswagen da ke Wolfsburg, ya ga wata 'yar motar ɗaukar kaya da ma'aikata suka haɗa don amfanin cikin gida. Sai ya zana wata mota mai siffar akwati, direba a can gaba, inji a baya, tsakiya kuma fili. A watan Maris na 1950 aka fara ƙera ta, ita ce muka sani da Kombi. Injinta iska ke sanyaya shi, ba shi da lagireto, kuma kowane bakanike na iya kwance shi ya ɗaura. A 1951 kamfanin Westfalia ya fara yi mata kayan ɗaki, gado da kabad da tebur, waɗanda ake sawa ranar hutu a cire ranar aiki.

Daga nan sai matasan Turai na shekarun 1960 da 1970 suka karɓe ta. Sukan tashi daga Landan ko Amsterdam, su bi ta Istanbul, Tehran, Kabul, Lahore, har Kathmandu a ƙasar Nepal, wata da watanni suna kwana cikin mota. Wannan hanya ta mutu a 1979, shekarar juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afganistan. Akwai kuma wata hanyar da ta shafe mu kai tsaye: daga Aljeriya a sauko Tamanrasset, a tsallaka iyaka a Assamaka, a bi Arlit, Agadas, Damagaram, a faɗo Kano. Dattawan Kano za su tuna Turawan nan masu ƙura a jika da ke sauka a sansanin 'yan yawon buɗe ido na titin Bompai. Ita ma wannan hanya ta tsaya a farkon shekarun 1990, saboda tawayen Abzinawa a Nijar da yaƙin basasar Aljeriya da ya ɓarke a 1992.

To amma mai karatu ya lura da abu guda. Galibin waɗannan matafiya suna da gida da iyaye da takardun makaranta da ke jiransu. In kuɗi ya ƙare, a sayar da motar a hau jirgi.

A Amurka kuma tarihin ya rabu biyu. Reshe na farko shi ne na hotuna. A 2011 wani matashi mai suna Foster Huntington ya ajiye aikinsa a New York ya koma zama cikin mota, yana ɗora hotuna a Instagram, kuma shi ake danganta wa yaɗuwar kalmar vanlife. Motar da ya saya Volkswagen ce ƙirar 1987, wacce Amurkawa ke kira Vanagon, Jamusawa kuma T3. Jama'a, wannan ita ce danfo! Samfuri ɗaya ne da mai launin ɗorawa da baƙin zane da ke ɗibarmu daga Agege zuwa Oshodi.

Reshe na biyu ba shi da kyan hoto. Bayan durƙushewar tattalin arziki a 2008, miliyoyin Amurkawa sun rasa gidajensu saboda bashin banki. Wasu, cikinsu har da tsofaffi da kuɗin fanshonsu bai isa haya ba, suka koma cikin mota, suna bin aikin ƙodago daga jiha zuwa jiha. 'Yar jarida Jessica Bruder ta bi su ta rubuta littafin Nomadland a 2017, aka mayar da shi fim a 2020, ya ci kyautar Oscar a 2021. Fim ɗin ya faro ne daga garin Empire na jihar Nevada, wanda ya watse a 2011 bayan an rufe masana'antar da ke riƙe da shi, har lambar gidan wayarsa aka soke. Irin waɗannan mutane kan taru lokacin sanyi a hamadar Quartzsite ta jihar Arizona, suna koya wa juna gyaran mota, da yadda ake haɗa wutar sola, da inda ake kwana ba tare da ɗan sanda ya ƙwanƙwasa gilashi ba. A yawancin filayen gwamnatin tarayya kwana 14 aka yarda mutum ya yi kyauta, daga nan sai ya ƙara gaba.

Mu dawo gida. Volkswagen ta buɗe masana'anta a Ojo, kan titin Badagry, a 1975, kuma har yau ana kiran tashar wurin Volks. Kombi ce ta fara zama danfo, daga baya tsofaffin T3 'yan Kwatano suka gaje ta. A nan ba wanda ya sa mata gado, sai ma ƙarin bencin katako. Duk da haka ana kwana cikinta. Wanda ya taɓa ratsa tasha da asuba ya ga kwandastoci na fitowa daga cikin danfo da buta a hannu. Haka 'yan uwanmu direbobin tirela da yaran mota da ke sauke kayan gwari a Mile 12, ko waɗanda suka riƙa yin makonni a layin Apapa lokacin da cunkoson ya yi ƙamari a wajajen 2018: tabarma ƙarƙashin mota, tukunya a gefen taya, salla a bakin titi. A garin da mai gida ke neman hayar shekara guda a dunƙule, ga kuɗin dillali, ba abin mamaki ba ne.

Wannan ya sa a ganina bai kamata mu auna wannan rayuwa da kyan motar ba. Abin tambaya shi ne, ranar da inji ya buga, ko ciwo ya kwantar da mutum, ina zai nufa? Mai gidan komawa yawon buɗe ido yake yi. Wanda ba shi da shi kuwa, mota ce katangarsa ta ƙarshe, kuma kuɗin gyara ɗaya na iya raba shi da ita. Mu 'yan ci-rani mun san wannan lissafi, shi ya sa kowa ke ƙoƙarin aza ko da ɗaki ɗaya ne a garinsu. Don haka in ka ga wani na alwala a gindin motarsa, kada ka yi saurin kiransa ɗan tasha. Yi masa sallama, in da hali ka nuna masa famfo.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.