Daga kwalin takalmi zuwa kwamfuta: tarihin manhajojin ajiye bayanai

Bara da rani na yi kwana goma sha biyu a wani ƙauye kusa da Tasawa, ina tattara kalmomin kaɗi da saƙa saboda memwar ɗina. Wadda ta fi taimaka mini wata tsohuwa ce da kowa ke kira Kaka. Ita ta nuna mini magurji da masaɓi da mazari, ta bambanta mini zare da abawa, ta gaya mini dalilin da ya sa mai kaɗi take shafa alli a yatsu. In na tsaya ina latse-latsen waya sai ta ce: "Ɗan nan, rubuta da kyau, ba ni maimaitawa." Kwanakin farko a kaye nake rubutu. Daga baya lalaci ya kama ni, na koma zuba komai cikin wata manhaja da ke haɗa waya da kwamfuta ta intanet. Ina dawowa gari wayar ta faɗi a kan kabu-kabu, da layin da komai. Da na buɗe kwamfuta sai manhajar ta ce in sa lambar sirrin da ta aika wa layin da ya ɓace. Kafin in gama neman hanya damina ta faɗi, aka aiko mini cewa Allah ya yi wa Kaka rasuwa. Abin da ke cikin kaye yana nan. Na kwana biyar ɗin ƙarshe kuwa har yau ban sake ganin shi ba.

Wannan ne ya sa na zauna na bi tarihin irin waɗannan manhajoji, ko lojisiyel kamar yadda muke cewa a aji. Ina son in san ko ni kaɗai ne wawa, ko kuwa tsohuwar cuta ce. Abin da na gano, ƴan uwa, shi ne kusan dukkansu abu guda suke kwaikwayo, wato akwatin katuna, kuma sau da yawa akwatin ya fi su tsawon rai.

Mu fara daga takarda. Littafi ɗinkakke yana da aibi guda: abin da ka rubuta a shafi na 10 yana nan a shafi na 10 har abada, ko da ɗan uwansa yana shafi na 90. Maganin da masana suka samu shi ne a rubuta bayani guda a ƴar takarda guda, sai a jera su yadda aka ga dama, gobe a sake jeri. Carl Linnaeus, masanin tsirran nan na Suwidin, ya koma aiki da irin waɗannan ƴan takardu a shekarun 1760, da sunayen tsirrai suka yi masa yawa. Babban ƙamus na Ingilishi na Oxford ma haka aka yi shi. James Murray, wanda ya karɓi aikin a 1879, ya gina rumfar ƙarfe ya cika ta da ƴan ramuka fiye da dubu, mutane daga ƙasashe da dama suna aiko masa da takardu, kowace da kalma guda da jimlar da aka tsince ta a ciki. Ba a kammala ƙamus ɗin ba sai 1928. Mu ma wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa ganin kundin malami ya san warwara ne, ba a ɗinke shi, kuma masu kwafar littattafai sukan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gabata, don in iska ta watsa takardu a iya mayar da kowace wurinta.

Wanda ya kai abin ƙololuwa shi ne Paul Otlet, mutumin Beljiyam. A 1895 shi da Henri La Fontaine suka fara wani aiki a Burusel na yi wa kowane littafi da aka buga a duniya kati. Katunan sun haura miliyan 12. Mutum yakan aiko da tambaya ta gidan waya, ma'aikata su binciko, su kwafe masa amsa ya biya. A 1940 sojojin Jamus suka kwashe kayan daga ginin da suke, an yi asarar da yawa, amma abin da ya rage yana nan a garin Mons, ana zuwa kallo. A Jamus kuma, masanin zamantakewa Niklas Luhmann ya tara katuna kusan 90,000 kafin rasuwarsa a 1998. Shi bai jera su bisa jigo ba. Kowane kati lamba yake ba shi, sai ya rubuta a jikinsa lambobin wasu katuna masu alaƙa da shi. Ka riƙe wannan, don shi ne ake sayar mana yau kamar sabon abu.

Tunanin sa na'ura ta yi wannan aiki ya fito fili a watan Yulin 1945, lokacin da Vannevar Bush, wanda ya jagoranci binciken kimiyya na Amurka a lokacin yaƙin duniya na biyu, ya buga wata maƙala a mujallar The Atlantic. Ya siffanta wani tebur da ya kira Memex, mai ɗauke da littattafai da wasiƙun mutum a kan ƙananan fina-finai. Hujjarsa ita ce ƙwaƙwalwa ba ta bin jerin abacada, daga wannan tunani take tsallakawa zuwa wancan, don haka na'ura ta bar mutum ya ƙulla hanya tsakanin takarda da takarda. Ba a taɓa ƙera Memex ba. Amma wani matashin soja mai suna Douglas Engelbart ya karanta maƙalar, kuma ranar 9 ga Disamba 1968 ya tsaya gaban jama'a a San Faransisko ya nuna tsarinsa na NLS. A ranar mutane da yawa suka fara ganin linzamin kwamfuta. Abin dariya, misalin da ya yi aiki da shi jerin cefane ne: ya tara kayan bisa iri, ya naɗe jerin ya rage kanun kaɗai, ya sake warware shi. Shekara uku kafin nan Ted Nelson ya riga ya raɗa wa rubutu mai mahaɗai suna, hypertext.

Da kwamfuta ta shiga gidaje da ofisoshi a shekarun 1980, sai manhajojin suka rabu gida biyu. Gida na farko na masu tsarin bishiya ne: babban kai, ƙananan kanu a ƙarƙashinsa, kamar yadda muke tsara filan ɗin memwar. Dave Winer ya fitar da ThinkTank a 1983, sannan MORE a 1986. Gida na biyu na masu kati ne. A cibiyar binciken Xerox an yi NoteCards a tsakiyar shekarun, sannan a 1987 Bill Atkinson ya yi HyperCard, wadda Apple ta riƙa bayarwa kyauta tare da kwamfutocinta. A cikinta allon kwamfuta kati ne sosai, katuna kuma tuli ne, ka danna wuri a wannan ya kai ka wancan. Malaman makaranta da masu ɗakunan karatu sun zuba aikin shekaru a ciki. Akwai ta uku da ta yi ƙoƙarin haɗa su, Lotus Agenda ta 1988. Ita ka rubuta abu yadda ya zo maka, ta duba kalmomin ta jefa shi rukunin da ya dace, har ta gane ranar da ka ambata.

To ina suke yau? Lotus ta yi watsi da Agenda cikin ƴan shekaru. Ecco Pro, wadda ta fito a 1993 kuma masu aiki da ita suke yabo ƙwarai, an daina gyara ta a 1997. HyperCard an daina sayar da ita a 2004, kuma wanda yake da tulin katunansa yau sai ya nemi manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta kafin ya buɗe su. Ba wai bayanan sun goge ba ne. Suna nan, amma a rufe cikin sigar da manhaja guda kaɗai ta iya karantawa, kamar rumbu cike da hatsi wanda mai makullin ya yi ƙaura.

Zamanin intanet ya magance wata matsala ya haifo wata. Ward Cunningham, wanda ya ce HyperCard ce ta ba shi tunanin, ya buɗe wiki ta farko a 1995. Microsoft ta fitar da OneNote a 2003, Zotero ta zo a 2006 don masu tara sunayen littattafai, Evernote ta bazu daga 2008, Notion ta biyo baya. Yanzu bayananka suna bin ka daga waya zuwa kwamfuta, amma ainihinsu yana kan injin kamfani a wata ƙasa. Google ta buɗe Notebook a 2006, ta rufe ta a 2012. Su can da rezo ba ya yankewa, kowa kuma da katin banki a aljihu, wannan ƙaramin ciwon kai ne. Mu da forfe ke ƙarewa tsakiyar aiki, wuta ta tafi, layi ya ɓace, abin ya fi haka nauyi.

Sai dai akwai wani reshe na wannan tarihi da ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban ilimin harsuna. Masu nazarin harsuna a karkara sun daɗe suna rubuta kalma guda a takarda guda suna jerawa cikin kwalin takalmi. Da ƙungiyar SIL ta yi musu manhaja a ƙarshen shekarun 1980, sunan kwalin ta ba ta: Shoebox. Daga baya Toolbox ta gaje ta, sannan FLEx. Sirrin Shoebox shi ne ba ta da sirri. Bayananka rubutu ne zalla, kowane layi da ƴar alama a farkonsa: \lx ga kalmar, \ps ga ajinta na nahawu, da sauransu. Ko manhajar ta mutu, kowace kwamfuta tana iya buɗe fishiyen, kuma ɗan adam yana iya karanta shi da idonsa.

Na ga wannan da kaina. Da na kai kukana wurin wani malaminmu, bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauko kile ya buɗe mini kalmomin da ya tattara tun shekarun 1990, kafin a haife ni. Komai yana nan, sai abu guda: inda ya kamata a ga ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, wasu baƙin alamomi ne. Na ce: "Malam, wannan fa?" Ya ce a lokacinsu kwamfuta ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai a yi wani zanen haruffa na musamman a ɓoye ƙ a gurbin wata alama da ba a bukata. In zanen ya ɓace, asiri ya tonu. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, har da namu, amma an ɗauki shekaru kafin manhajoji su bi. Da yake rubutu ne zalla, da yamma guda muka gyara, muna neman kowace alama muna musanya ta. Da a rufaffiyar siga yake, da sai dai mu yi kallo.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga inda tarihin ya juyo. Org-mode, wadda masanin taurari Carsten Dominik ya fara a 2003, rubutu zalla take ajiyewa. Obsidian, wadda ta fito a 2020, tana ajiye kowane bayani a ɗan fishiye cikin kwamfutarka, da mahaɗai tsakaninsu, kuma masu son ta Luhmann suke ambata. Wato bayan shekara saba'in da biyar da maƙalar Bush, an zagayo an dawo ga kati guda, bayani guda, da lambar ɗan uwansa a jiki.

Ban ce a jefar da manhaja a koma kwali ba. Kwali ba ya nemo maka kalma cikin daƙiƙa guda, kuma gara da ruwan sama ba su san memwar ba. Abin da nake cewa shi ne, kafin ka zuba aikinka cikin kowace manhaja, ka gwada ta da abu uku. Kashe intanet ka ga ko tana buɗewa. Fitar da bayani guda ka buɗe shi da wata manhajar daban, ka ga ko ana karantawa. Rubuta "ƙwarƙwata" da "ɗanɗano" ka neme su, ka ga ko ta gane ƙ ba k ba ce. Wadda ta faɗi ko guda, to ka san aro aka ba ka.

Ni yanzu kalmomin Kaka da suka tsira suna wuri uku: a kaye, a kwamfuta cikin rubutu zalla, da kile da na bar wa yayata a Maradi. Hutu mai zuwa in Allah ya yarda zan koma ƙauyen, an ce akwai ƙanwarta da ta iya kaɗi, ko da yake ido ya fara yi mata nauyi. Na riga na sayi kaye biyu da bik.