Yadda za ka gane ko injin babur ɗinka ya rasa matsi

Ɗan'uwa manomi, in babur ɗinka ya fara wahalar tashi da safe, ko ka ɗora masa buhu biyu na masara ya kasa hawa tudun da a da yake hawa ba gardama, kada ka yi saurin cewa a buɗe inji. Mu fara duba matsin silinda, abin da bakanizai ke kira kwamfireshan.

Irin baburan da muke hawa, su Boxer da Jincheng da Haojue, silinda ɗaya gare su. Fistin yana hawa sama ya matse iska da fetur wuri guda, fulogi ya ba da wuta, fashewar ta turo fistin ƙasa. In akwai inda iskar ke zurarewa kafin wutar ta zo, ƙarfi ya tafi ke nan. Wurare uku take bi: gefen ringi, bakin bawul, ko gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da silinda.

Ƙafarka ce ma'aunin farko. Babur mai lafiya, in ka taka kik a hankali za ka ji ya turje a wani wuri. In kik ɗin na sauka salalau ba turjiya, akwai magana. Amma ka fara tabbatar da cewa fulogi na ba da wuta, fetur na sauka, kuma fulogin a ɗaure yake sosai, don sakakken fulogi ma yana zubar da matsi. Na sha ganin an kashe kuɗin fistin da ringi alhali datti ne a kafireto.

Gwaji na biyu a gida za ka yi shi. Kashe makulli, bari injin ya huce yadda ba zai ƙona ka ba, ka cire fulogi. Toshe ramin da babban yatsa, ka murɗa totur har ƙarshe, wani ya buga maka kik. In matsin na nan, iska za ta ture yatsanka da ƙarfi komai dannawarka. In ɗan huci kawai ka ji, ya yi ƙasa. Wannan gwajin babbar ɓarna kawai yake nunawa. Ga ƙaramar zurarewa sai an sa ma'auni.

Ma'aunin ana ɗaura shi ne a ramin fulogi, inji da ɗuminsa, totur a buɗe, a yi ta buga kik har allurar ta daina hawa. Yawancin ƙananan injuna masu lafiya suna wuce 120 psi, in kuwa ya gaza 100 to da wuya ba matsala. Littafin babur ɗinka shi ke da ainihin adadin. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da buɗe totur, sai ma'auni ya nuna ƙasa alhali lafiya lau. A ganina ƙungiyar manoma da ke da babura goma ya kamata ta mallaki ma'auni ɗaya. Sai dai a kula, yawancin injunan ban ruwa da ake ja da igiya suna da abin da ke rage matsi lokacin tayarwa, don haka adadinsu yakan fito ƙasa ko da ba abin da ya same su.

To in ya yi ƙasa, ta ina yake fita? Zuba baƙin mai kamar ƙaramin cokali ɗaya a ramin fulogi, ka sake gwadawa. Man zai toshe gefen ringi na ɗan lokaci. In matsin ya ɗaga sosai, ringi ne ya cinye ko bangon silinda. Irin wannan yakan zo da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa, da shan baƙin mai, da fulogi mai jiƙewa da mai. In bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Gasket yakan tona kansa: za ka ga mai ko baƙin tabo a mahaɗar kan inji, wani lokaci har ka ji "fis-fis" yana fita.

Bawul shi ne wanda nake so ka riƙe, don a nan ake yawan cutar mutane. Akwai ɗan gibi da ake bari a saman bawul, siriri ƙwarai, wajen 0.05 zuwa 0.1 na milimita a irin waɗannan injuna. Da tafiya ta yi tafiya gibin yakan rufe, bawul ya daina zama daram, iska ta riƙa fita. Saita shi aikin 'yan mintuna ne, ana yi inji a sanyi, ba a sayen komai. Saboda haka ka ce wa bakanike ya fara saita bawul, a sake aunawa a gabanka, kafin a taɓa kan inji. In aka bar shi a matse ana ta tafiya, bakin bawul ɗin ƙonewa yake yi, daga nan sai an buɗe an goge ko an canja.

In ta tabbata ringi ne, ka sa a duba silindar. Sabon ringi a silindar da ta cinye ko ta yi zane ba ya daɗewa, sai an yi boring an sa fistin da ya ɗara na da. Bayan aikin kada ka ɗora masa manyan kaya nan take, kuma ka canja mai da wuri.

Abin da ya fi cin ringi a wajenmu ƙura ce, musamman a hunturu da hanyar gona. Wasu kan cire soson matatar iska wai don babur ya ƙara gudu. Yashi suke ɗura wa injin kai tsaye. Lokacin kwasar tumatir da albasa, da babur ke zirga-zirga kullum tsakanin fadama da kasuwa, ka riƙa duba matatar nan duk mako, ka kuma duba baƙin mai kowace safiya kafin ka buga kik.