Gandun Namun Daji na Rocky Mountain Arsenal

Wannan gandu yana gefen birnin Denba a Jihar Kolorado ta ƙasar Amurka, kuma faɗinsa ya kai kimanin eka 15,000. Hukumar kula da kifaye da namun daji ta ƙasar ce ke tafiyar da shi.

Tarihi

Asalin wurin gonaki ne. A shekarar 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan Amurka ta karɓe shi ta kafa masana'antar makamai masu guba. Daga baya kamfanin Shell ya riƙa sarrafa maganin ƙwari a wurin har zuwa 1982. Dagwalon da aka riƙa zubarwa ya gurɓata ƙasa da ruwan ƙarƙashinta, har manoman da ke maƙwabtaka suka koka kan lalacewar amfanin gonarsu tun a shekarun 1950.

A 1986 aka gano cewa mikiya mai farin kai tana taruwa a wurin lokacin sanyi. Wannan ya taimaka majalisar dokoki ta zartar da dokar mayar da shi gandu a 1992. An kafa gandun a 2004, aka kammala babban aikin tsabtacewa a 2010, bayan an kashe dala biliyan 2.1. An kawo ɓaunar Amurka a 2007. Namun daji da tsuntsaye da kifayen da ke ciki sun haura iri 330.

Ziyara da ilmantarwa

Shiga kyauta ne. Akwai cibiyar baƙi da aka buɗe a 2011, inda ake nuna tarihin wurin, da hanyoyin ƙafa, da titin zagayawa mai tsawon mil 11. An hana fita daga mota a yankin ɓauna, kuma duk kifin da aka kama sai a mayar da shi ruwa. Makarantu kan kai ɗalibai, ma'aikata su koya musu gane tsuntsaye da ciyayi da yadda gurɓataccen ruwa ke cutar da mai rai.

Abin lura

Gyaran ɓarna ya fi hana ta tsada. Don haka ya kamata jami'an ƙananan hukumomi da masu unguwanni su sa ido kan inda ake zubar da dagwalon masana'antu da kwalaben maganin feshi, musamman kusa da rijiyoyi da fadamu.