Igiyar Karo da Asalin Hasken Eksire a Galaksin Centaurus A

A tsakiyar kowace galaksi mai ruruwa akwai ƙaton baƙin rami da ke zuƙar iskar gas, amma ba duk abin da ya kusance shi yake haɗiyewa ba. Wani kaso ana feso shi waje, ko dai ya fito kamar guguwa mai faɗi, ko siririn tsartuwa mai gudun da ya kusa na haske. Idan feshin ya fi saurin sauti a cikin gas ɗin da ya tarar, sai a sami igiyar karo. Gas ɗin yakan dunƙule har ninki huɗu, zafinsa kuma ya ninka sau huɗu duk lokacin da gudun ya ninka sau biyu. Karo mai gudun kilomita 1,000 a daƙiƙa yana kai gas kusan digiri miliyan 14 a ma'aunin Kelbin, zafin da ke haifar da hasken eksire.

Sai dai ganin wannan haske kaɗai bai isa hujjar cewa an yi karo ba. A galaksin NGC 1068, bakan hasken da kumbon XMM-Newton ya ɗauko ya nuna a 2002 cewa hasken cibiyar ne ke ƙwace wa gas elektironinsa, ba karo ba.

Inda lamarin ya fi fitowa fili shi ne Centaurus A, mai nisan shekarun haske kusan miliyan 12, wadda James Dunlop ya gano a 1826 daga Ostireliya. Tsartuwarta ta hura kumburi biyu masu fitar da igiyar rediyo, kuma madubin hangen nesa na Chandra, da aka harba a 1999, ya nuna wani siririn baka mai haske ya zagaye gefen kumburin kudu maso yamma, tamkar ruwan da goshin kwalekwale ke turawa. A 2003 masanin taurari Kraft da abokan aikinsa suka fassara bakan a matsayin gas da karo ya ƙona. Fassara ce mai ma'ana, amma ba ta ɗore ba. Da aka daɗe ana kallon wurin, masaniyar taurari Croston da tawagarta suka nuna a 2009 cewa hasken gefen waje bai dace da na gas mai zafi ba. Ya dace da na elektironi masu matuƙar kuzari da ke kewaya layukan maganaɗisu. Sun ƙiyasta gudun karon da kilomita 2,600 a daƙiƙa, kwatankwacin abin da ake gani a ragowar tauraron da aka ga fashewarsa a shekarar 1006.

Wannan gyara ba ƙarami ba ne, domin daga yanayin hasken ake lissafa matsin gas da kuzarin da baƙin ramin ke zubawa cikin galaksinsa. Wanda ya ɗauki hasken elektironi a matsayin na zafi zai ƙirga gas ɗin da babu shi. A ɓangaren bakan da ya fi kusa da cibiya, inda karon ya fi rauni, har yanzu gas mai zafi ne ke ba da hasken.