Daga Sinnar zuwa Mai Wurno: Tarihin da ke jikin tsinken agashe

Da la'asar sakaliya, a garuruwan Sudan tun daga Kartum har Madani, ba ka rasa mai nama a bakin titi ya kewaye garwashi da tsinkaye, an turmusa su cikin garin ƙuli da yaji. Balaraben da ya tsaya saye da sunan "agashe" yake kiransa. Bahaushe na jin kalmar ya san ta gida ce, don ko a Kano ba baƙuwa ba ce. Wanda ke son sanin yadda ta ƙetaro Tafkin Chadi da Darfur ta zauna a bakin Larabawa, yini guda a gaɓar Shuɗin Nilu ya ishe shi.

Sai ya fara da Sinnar da sassafe, wurin mai shayi, a haɗa masa da zalabiya mai zafi. Karin kumallon gaske sai hantsi ya dubi ludayi: waken ful da aka kwana ana dafawa, a dama shi da man riɗi, a ci da gurasa a kwano ɗaya. Sinnar ce hedikwatar daular Funj daga 1504 har 1821, lokacin da sojojin Muhammad Ali na Masar suka ci ta. Sai dai abin da ya fi shafar Bahaushe a garin ya fi wannan sabunta, wato madatsar ruwan da Turawan Ingila suka kammala a 1925, mai tsawon kimanin kilomita 3. Daga nan aka ja ruwa zuwa gonakin audugar Jazira, filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Auduga kuwa hannu take so, sai ga hannu ya samu daga yamma.

Tun da daɗewa maniyyata daga ƙasar Hausa da Borno ke bin hanyar Wadai da Fashir da Ubayyid a ƙafa da jakuna, suna nufin Sawakin su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri kan ƙare a hanya, sai mutum ya tsaya ya yi ƙwadago ya tara na gaba. Da aka buɗe Jazira, tsinkar auduga ta zama abin tara guzuri. Shekara ɗaya ta koma biyar, aka yi aure, aka haifu, zango ya zama gari. Mutanen ƙasar suka riƙa kiransu Takari ko Fallata. Da yawansu ba su sami gonar kansu a cikin shirin noman Jazira ba, suka zauna a sansanonin 'yan ƙwadago da ake ce wa kanabi. Wani masani, Bawa Yamba, ya zauna da su ya fitar da littafi a 1995, inda ya nuna jikoki da tattaɓa-kunne har lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne a kan hanyar Makka.

Kafin azahar sai a nufi kudu kaɗan, zuwa Mai Wurno. Sunan kaɗai ya faɗi asali, don Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne a ƙasar Sakkwato. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas, jama'a suka bar gonaki da gidaje suka bi shi. A Burmi aka tare su, aka kashe shi ranar 27 ga Yuli na wannan shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya tattara waɗanda suka tsira ya ci gaba da tafiya, har suka sauka a Shaihu Ɗalha, bakin Shuɗin Nilu, wajen 1906, kafin su kafa garinsu a ɗaya gaɓar. Abin mamaki, Ingilar da ta kashe uban ita ke mulkin Sudan a lokacin, ita kuma ta bar ɗan ya zauna, don ƙasar na neman masu noma. Har yau zuriyarsa ke riƙe da sarautar garin.

A irin waɗannan garuruwa kwanon rana ma labari ne. Asida tuwo ce da ta sauya suna. Weka, da ake kaɗa miya da ita, busasshiyar kuɓewa ce. Kisra, siririyar wainar dawa mai tsami da ake shimfiɗawa a kan faifan ƙarfe, ita ce aka aro daga masu masauki. Abin da aka ba su a madadi shi ne godogodo, gero da nono mai tsami, ɗan'uwan fura, wanda 'yan Sudan da kansu ke danganta shi da Hausawa.

Zaman bai rasa ɗaci ba. A watan Yuli na 2022 rikicin ƙasa da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayuka, ya kori dubban Hausawa daga gidajensu, aka sake tayar da tsohuwar maganar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Madani a Disambar wannan shekarar, ya tarwatsa ƙauyukan Jazira.

Da magariba, bayan an fito masallaci, yawon kan ƙare ne inda aka faro, gaban garwashi. Mai nama ya zare tsinke, ya yanka albasa, ya matsa lemun tsami, ya naɗe a takarda. Ciniki da Larabci ake yi, kuɗin ma fam ɗin Sudan ne. Amma fiye da shekara 100 bayan Burmi, wanda ke kiran Bahaushe baƙo da rana, idan dare ya yi ya ji yunwa, da Hausa yake kiran abin da zai ci.